Mutumin da Iya Ba Ta Gama Saninsa Ba

Gidanmu yana cikin Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, a wani lungu da ke ratsawa ta gindin duwatsu. Babanmu baduku ne, kakansa ma haka, shi ya sa har yau in na shaƙi ƙanshin jar fata sai in ji kamar na taka zaurenmu. Shekarar da nake son ba da labarinta ita ce ta biyu da sama ta hana mu ruwa. Ina aji uku a lakwal, ban wuce shekara tara ba, kuma duk gidan an san ni da hali ɗaya: ba na iya zama wuri guda, ba na iya jiran ƙarshen magana.

A shekarar nan ba ni kaɗai ce haka ba. Shekarar farko fatu sun cika kasuwa har majema suka rasa ruwan jiƙa su, domin dabbobi faɗuwa suke ta yi. A ta biyu fatun suka ƙare, masu sayen jaka da takalmi ma suka ƙare. Babanmu ya zauna a zaure ya wasa wuƙar da ba ta bukatar wasawa, ya miƙe ya leƙa gabas, ya dawo ya zauna, ya sake miƙewa. Mu 'yan mata tun da safe muna layi a bakin famfo. Wani lokaci famfon ya yi tari kawai ya yi shiru, mu kwashi tulunanmu mu nufi wata unguwa. Mutanen ƙauye suna ta shigowa da tabarmi a ka, suna kafa bukkoki a bakin gari. Kowa ka gani kamar yana jiran a kira shi ne.

Mutum ɗaya ce take zama, ita ma hannuwanta ba sa zama. Iya Falmata ke nan, mahaifiyar babanmu. Daga gabas ta fito, Hausarta da ɗan gishirin Barebari a ciki, mutanen unguwa suna ce mata Ya Falmata. Sana'arta kaɗi, to ga shi babu auduga, sai ta riƙa tsinkar bakin tabarma tana murza kaba tsakanin yatsunta. Bayan magariba, in an sauke tukunya, mukan kewaye murhu, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku. Ko a zafin bazara haka muke yi, daga ɗan nesa, don kananzir ya gagara, garwashin nan shi ne haskenmu. Ba a ƙara itace. In garwashi ya mutu tatsuniya ta tsaya, ko da an kai tsakiyar magana.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mata suke buɗewa. Cewa take yi, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Akwai abin da yake ba ni haushi da tatsuniyoyinta. Matan unguwa in za su ba da labari, tun daga farko suke raba maka mutane: wannan mugu ne, wannan baiwar Allah ce. Kafin a yi nisa ka san wanda za ka so. Iya ba ta yin haka. Sai ta gaya maka yadda mutum yake cire takalminsa, ko wanda yake fara gaisarwa in ya shiga taro, ta bar ka da shi. In na ce, "Iya, mugu ne?" sai ta ce, "Ke dai bi shi, ƙawata. Ai kina da ƙafa."

Ana cikin haka Baffa Illa ya iso. Ƙanen babanmu ne, ya bar dukanci tun yana saurayi ya koma Dakusa yana noma gonar da kakanmu ya bari. Wata babbar mota ta sauke su da la'asar, shi da matarsa Hajo da ɗiyarsu Zuwaira, wadda muke ce wa Zuwe, 'yar shekara uku. Kayansu duka tabarma ce da tukunya biyu da wani ƙaramin taiki na fatar shanu, wanda ya ƙi yarda kowa ya taya shi ɗauka. Ya shigar da shi ɗakin baƙi da aka ba su, ya jingine shi daidai inda yake sa kansa.

Abin da ke ciki ba asiri ba ne. Gero ne na iri. Ba wanda ake samu a kasuwa ba, wani gajeren gero ne mai saurin nuna, da kakanmu ya yi ta zaɓa zangarniya bayan zangarniya har ya dace da jigawar gonar. A Dakusa sun cinye rumbu, sun cinye awaki, sun koma ganye, Baffa bai taɓa taikin ba.

Mu kuwa jar dawar taimako muke ci, wadda ake rabawa a buhu, domin gero a kasuwa ya zama abin kallo ga irinmu. Tuwon jar dawar nan yana da ɗaci-ɗaci, yana tsayawa a ƙirji. Manya suna daurewa su haɗiye, yara suna ta zawo. Zuwe ta ƙi shi sam. In an kai mata baki sai ta kawar da kai. Cikin sati biyu wuyanta ya yi siriri, gashinta ya yi ja, har kukan ma ta rage. Kuma kowa a gidan ya san a ɗakin da take kwance akwai gero.

Na tsani Baffa Illa. Ba ya hira, ba ya dariya, in ka gaishe shi "lafiya" ɗaya tak yake ba ka. Da safe ya fita neman dako a kasuwa, in ya dawo abin da zai fara yi shi ne ya shiga ɗaki ya shafa bakin taikin, sannan ya dubi ɗiyarsa. Taiki tukuna, sannan yarinya. Na lura da wannan, na riƙe shi a raina.

A cikin waɗannan kwanaki ne Iya ta shigo mana da Jatau.

Ta ce Jatau mai raƙuma ne, yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma. Maraicen farko ba ta ba mu komai ba sai yadda yake ɗaure kaya. Ya ɗaure igiya, ya ja ya gani, ya yi taku uku, ya dawo ya sake ja. In an zauna cin abinci yakan ɗan ba mutane baya. Raƙumansa huɗu, kowanne da sunansa, amma abokan tafiyarsa "kai" yake ce musu. Ta yi mana muryarsa, can cikin maƙogwaro, kamar mai ƙyashin kalmomi. Garwashi ya mutu ayari bai ma bar gari ba.

Na ce, "Shi ke nan? Ai ba abin da ya faru."

"An ɗaure kaya," in ji Iya.

Kashegari ta bar Jatau yana tafe a gaba, ta koma da mu bayan ayari inda mutum biyu suke hirarsa. Ɗaya ya ce wannan da kake gani ya taɓa barin abokin tafiya a cikin rairayi don ƙafarsa ta kumbura, bai ko waiwaya ba. Ɗayan ya ce ƙarya ne, shi ya san shekarar da Jatau ya goya uwarsa, tafiyar yini biyu, zuwa wurin mai magani. Na farkon ya ce ai duka biyun an yi.

Na ce, "To wanne ne gaskiya?"

"Haka suka ce. Ni ba na wurin."

"Ai ke kike ba da labarin."

"Ni ma shekaranjiya na haɗu da shi," in ji ta. "Ban gama saninsa ba."

Washegari a lakwal ban san abin da mushe, malamin ajinmu, yake rubutawa a allo ba. Jatau ne kawai a kaina. In na sa shi cikin miyagu sai in tuna da uwar a bayansa, in na sa shi cikin mutanen kirki sai in ga mai kumburarriyar ƙafa yana kiransa.

A maraice na uku, a hanyar dawowa da gishiri, ayari ya isa rijiyar da suka dogara da ita, suka tarar rairayi ya binne ta. Ayari ya watse, kowa ya yi ta kansa. Jatau ya rage da raƙumansa da salka ɗaya ta ruwa. Kwana uku ne tsakaninsa da rijiya ta gaba, ruwan kuma na mutum ɗaya ne daidai, shi ma in ya yi tsimi. A gida ya baro mutum bakwai suna jiran hatsin da gishirin nan zai sayo. Sai ya hango wani abu baƙi a gindin tudu. Mutum ne kwance, baƙo, leɓɓansa sun tsattsage, amma yana numfashi.

Iya ta ce Jatau ya tsaya a kansa. Ya dubi mutumin, ya dubi salka. Ya taɓa igiyar bakin salkar ya ji ta ɗaure tam. Sai ya ja raƙumansa ya wuce.

Na miƙe tsaye. "Ai na faɗa. Mugu ne."

"Zauna, Habsu. Taku nawa ya yi da har kika gama da shi?"

Amma garwashin ya riga ya yi toka. Da na juya zan shiga ɗaki sai na ga mutum tsaye a jikin bango, kusa da ƙofar ɗakin baƙi. Baffa Illa ne. Ban san tun yaushe yake nan ba. Can ɗaya gefen kuma, wajen bakin zaure, babanmu ne zaune a kan turmin da aka kifa. Ba wanda ya dubi wani.

Da safe na sami Iya a inuwar bango. Na ce, "Iya, Jatau Baffa Illa ne."

Ta ci gaba da murza kaba. "Ɗaurin igiyar nasa ne," ta ce. "Ba wa mutane baya wajen cin abinci na kakanku ne, Allah ya ji ƙansa. Goyon kuma wancan na zaure ne ya yi, goggonsa ya goya." Iya ba ta faɗin sunan babanmu, don ɗan fari ne. "In kuma kika ga rashin haƙuri ya fito masa yau, kin san wurin wadda na aro."

"To wa ya bar abokinsa a rairayi?"

Ta ce in je in ga ko famfo ya kawo.

Sai da na girma na fahimci halin da take ciki. Su biyun 'ya'yanta ne, ɗaya mai gida, ɗaya mai taiki. Ba za ta iya ce wa babba ya ƙwace ba, ba za ta iya ce wa ƙarami ya riƙe ba, ga jikarta tana narkewa a gabanta. Bakin murhu ne kaɗai wurin da za ta yi magana su biyun su ji, ba tare da ta kira sunan kowa ba.

Ni ban iya jiran murhu ba. Ranar da azahar Baffa yana kasuwa, Hajo kuma ta goya Zuwe zuwa gidan Madam Saratu, maƙwabciyarmu Kirista da ke aiki a gidan likita. Na ɗauko basillar babanmu na shiga ɗakin. Na huda taikin ta ƙasa, wajen ɗinki, na yi ta buɗa hujin har gero ya fara zubowa a gefen zanena. Na tara kamar cikin tafin hannu uku. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai bayan shekaru: kafin in fito na watsa tafi ɗaya a bakina. Ɗanye, da tokar da aka cuɗa shi da ita saboda ƙwari. Na tauna ina tsaye a ɗakin, zaƙinsa har cikin kunnena. Ragowar na kai wa Hajo da ta dawo. Ta dubi geron, ta dube ni, ba ta tambayi komai ba. Ta wanke shi, ta niƙa a dutse don kada a ji ƙarar turmi, ta dama kunu. Zuwe ta sha, ta shanye duka, ta riƙe ludayin ta ƙi saki.

Da la'asar Baffa ya shafa taikinsa ya ji hujin. Na zaci zai yi faɗa. Fitowa ya yi da taikin a rungume, ya zauna tsakar gida, ya ce a ba shi basilla da zare. Hannunsa bai manta dukanci ba. Yana cikin ɗinki babanmu ya shigo daga zaure.

"Illa, kwance abin nan."

"Yaya, iri ne."

"Na san iri ne. Madam Saratu ta ce yarinyar nan in ba ta sami abin da cikinta zai riƙe ba, ba za ta kai damina ba. Ta kawo madarar gari, ta ce a riƙa damawa da kunu. Da me za a dama?"

"In na ci wannan, me zan zuba a rami in ruwa ya sauka? Jar dawa?"

"Allah zai kawo wani irin."

"Ba wannan ba. Baba ya ƙare rayuwarsa yana zaɓensa." Ya ja zaren da haƙori. "In ya ƙare na ƙare. Sai in dawwama a ɗakin baƙinka, ni da ita da uwarta, muna jiran a sauke tukunyarka."

"Ɗiyarka ce, Illa."

"Na san ko wace ce," in ji Baffa, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ɗauki taikin ya nufi ɗaki. Bai tambayi wanda ya huda ba, amma da ya zo wucewa ta gabana ya dubi bakina. Na sa hannu na goge.

Maraicen nan yaran maƙwabta ba su zo ba, labarin rigimar ya riga ya tsallaka katanga. Duk da haka Iya ta ce baƙuwa tana bakin ƙofa, muka ce ta shigo.

Ta ɗauko Jatau daga inda ta ajiye shi. Ta ce ya yi tafiya har tudun ya ɓace a bayansa. Sai ya tsaya ya duba igiyar kaya, alhali ba abin da ya same ta. Ya ci gaba. Ya sake tsayawa, ya zagi raƙumin da bai yi masa komai ba. Ya juya ya yi taku ashirin baya, ya tuna mutum bakwai ɗin nan, ya sake juyowa. Iya ta yi ta kai shi tana dawo da shi har na ji kamar in tashi in bar wurin. Ta sa shi yana kafa wa kansa hujja: baƙon nan ko an ba shi ruwa mutuwa zai yi, ba ni na kawo shi hamada ba, wataƙila ma ɓarawo ne aka yar. Kowace hujja da muryarsa ta faɗe ta, kuma kowace sai da na ji ƙanshin gaskiya a jikinta. Abin ya ba ni tsoro, don na fara jin da ni ce, ni ma wucewa zan yi.

Rana ta kusa faɗuwa ya koma. Bai koma da fara'a ba. Ya durƙusa yana ƙunƙuni, ya ɗaga kan mutumin da ƙarfi kamar mai jin haushinsa, ya ɗiga masa ruwa. Ya ɗaure salka, ya zauna, ya sake kwancewa ya ƙara masa. Sannan ya sauke gishirin raƙumi ɗaya ya bar shi a rairayi, ya ɗora baƙon.

"Sai baƙon ya zama ɗan sarki," in ji ƙanwata, "ya ba shi dukiya."

"Baƙon makiyayi ne, ko akuya ba ta rage masa ba," in ji Iya. "Da rarrafe suka isa rijiya. Raƙuma biyu sun mutu. Jatau ya koma gida da rabin abin da ya fita nema, mutanensa suka sha wuya a shekarar nan, wuya sosai. Ba zan rage muku ba."

Na ce, "To daidai ya yi?"

"Ya yi abin da ya yi. Yanzu dai kin san shi. Ni ma yanzu na san shi."

Ta tura toka a kan garwashin, ta ce baƙuwa ta gaji, a bar ta ta huta. Ban waiwaya na duba jikin bango ba, amma na ji tarin Baffa.

Zan so in ce kashegari ya kwance taikin. Bai kwance ba. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na sani a gidan nan. Iya ba ta sake buɗe wata tatsuniya ba, muna zama ne kawai muna kallon garwashi. Hajo ta daina yi wa mijinta magana, in ta ajiye masa kwano sai ta juya. Madam Saratu tana shigowa safe da yamma da ruwan gishiri da sukari a kwalba, ta ɗura wa Zuwe da cokali, ta ja fatar cikinta ta saki ta gani, ta fita. Baffa ya daina zuwa kasuwa. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya tsaya a ƙofar gida, ya koma. Wata rana da hantsi ya saɓa taikin a kafaɗa ya fita, aka ce an gan shi a tashar motocin Takeita, inda ake hawa motar Dakusa. Hajo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Da azahar sai ga shi ya dawo, gumi ya jiƙa rigarsa, ya mayar da taikin inda yake. Ba wanda ya tambaye shi.

Sai wata safiya, ina wanke tulu, na ji ya ce, "Hajo, kawo ludayi." Ya kwance bakin taikin a gabanmu, ya ɗebo, ya share saman ludayin da babban yatsa har ya daidaita. Ya ce, "Na yarinya ne. Ita kaɗai." Daga ranar kullum safe da yamma shi da kansa yake aunawa. Zuwe ta fara zama, ta fara rarrafe kamar jaririya, daga baya ta miƙe.

Lokacin da hadari ya fara haɗuwa, abin da ya rage a taikin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ruwan farko yana sauka Baffa ya hau mota ya koma Dakusa shi kaɗai, ya shuka kusurwa ɗaya ta gonar. Shuka ta fito, sai ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Da ruwan ya dawo, masu sauran iri suka sake shukawa, wasunsu har suka sami abin kaiwa rumbu. Shi ba shi da sauran komai. Geron kakanmu a wannan damina ya ƙare. Baffa ya dawo Damagaram, ya koma ɗakin baƙin nan, ya yi dako a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya faɗa wa babanmu a tsakar gida, haka ya tabbata. Bai taɓa yi wa Zuwe gori ba. Bai kuma taɓa zama mai fara'a ba.

Na girma na zama malamar lakwal, na fara rubuta gajerun labarai, da farko don 'yan ajina, daga baya don kaina. Iya ta daɗe da rasuwa, Baffa ma ya bi ta. Wani hutu na zauna na rubuta labarinsa a kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Na so in biya shi ƙiyayyar da na yi masa ina yarinya. A nawa labarin, uban yana ganin ɗiyarsa ta kwanta sai ya yanka bakin taiki da wuƙa, ya yi magana mai daɗi a kan cewa ɗiya ta fi gona. Na ba shi fara'a, na ba shi hawaye. Na karanta na ji daɗin kaina.

Zuwe a lokacin tana aure a Mirriya, da 'ya'yanta huɗu da ɗan lambunta. Ranar kasuwa na hau mota na je, na karanta mata a tsakar gidanta tana ɓarar gyaɗa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Yaya Habsu, labarin ya yi daɗi. Amma wannan ba babana ba ne."

Na ce, "Na ɗan gyara shi ne, don girmansa."

"Inna ta ce kwana tara ya yi bayan tatsuniyar Iya. Kwana tara yana kallona yana kallon taiki. Kin cire su." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Wannan naki abin bai dame shi ba, kamar mai miƙa goro. Nawa uban ya san abin da zai rasa, kuma ya rasa shi. In kin cire kwanakin nan, ai bai ba ni komai ba. Ki mayar masa da kwanakinsa."

A motar dawowa na kasa zama daidai, har matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya. Shekara da shekaru na ɗauka jan rai ne kawai Iya take yi mana da ta riƙa kai Jatau tana dawo da shi a rairayi. Ashe a cikin kai-komon nan mutumin yake. Ta san ƙarshen da take fata, jikarta ce a kwance, amma ba ta yi wa ɗanta ƙaryar cewa abin mai sauƙi ne ba, ba ta kuma yi masa alkawarin lada a hannu ba. Ta faɗi hujjojinsa da ƙarfinsu, a gabansa, da muryar da ta fi tasa fita. Ina jin shi ya sa ya iya tsayawa ya saurara. Ni kuwa da na ƙaunaci nawa mutumin, gaggawar wanke shi na yi, na wanke shi har ɗiyarsa ta kasa gane shi.

Na iso gida na yage shafi huɗu. Na sake farawa daga hantsin da ya saɓa taiki ya nufi tasha, ya bar ɗiyarsa kwance. Hannuna bai so ba. Har yanzu, duk mutumin da nake rubutawa, in na kawo shi irin wannan wuri hannuna ba ya so. A nan nake gane na fara saninsa.